Bikon Baba Laftana

Ranar wata Talata da damina, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, na raka kakana kasuwar Gaya sayen sarƙar keke. Mai shagon Ibo ne, Hausarsa ta nuna sarai. Muna tsaye wani mai amalanke ya tare masa ƙofa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Biko, matsa kaɗan." Na tuntsire da dariya, na ja rigar kakana na ce, "Baba, ashe shi ma matarsa ta yi yaji?" Mutumin ya ce, "'Yata, a yarenmu biko roƙo ne. Don Allah ke nan." Kakana ya dubi mutumin, ya dubi sarƙar da ke hannunsa. Ya ajiye ta, muka koma gida ba mu sayi komai ba.

Baba Laftana ake ce masa. Da ƙuruciya ya tsallaka iyaka zuwa Najeriya ya shiga sojan ƙasa, yaƙin basasa ya same shi can har ya zama hafsa, daga baya ya dawo ya kama noman shinkafa a fadama. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Abin da muka sani, in ya dawo daga gona bayan azahar yakan miƙe a tabarma ƙarƙashin mangwaro, mu muna surfe ko muna carabke, sai mu ji shi cikin barci yana cewa, "Biko, biko." Duk gidan an ɗauka kakarmu yake mafarki, wadda ta taɓa yin yaji zuwa Bengu sai da ya je sau uku. Ita ma takan ce, "Tsohon nan, ga ni zaune, bikon wa kake kuma?" Mu jikoki har waƙa muka yi masa da tafi. Shi dai murmushi yake.

Da muka iso gida ran nan, ya zauna kan turmi ya ce, "Uwargida," don haka yake kirana, "bikon nan, a yaƙi wani ne ya faɗa mini, yana durƙushe a gabana. Malamin makaranta ne, da alli a aljihunsa." Ni kuwa na ruga wasa.

Watan jiya masu bindiga suka tare motarmu a hanyar Doso, suka durƙusar da mu a bakin titi. Na yi roƙo da Hausa, na yi da Zabarmanci, na yi da Faransanci, ban san wanne suke ji ba. An sake ni, ba a saki kowa da kowa ba.

Da can ina da mai amsa, ban da tambaya. Yanzu Baba ya shekara huɗu a ƙasa, ni kuma abu ɗaya nake son sani, wanda ina yarinya ban tsaya na tambaya ba: ko malamin ya koma ajinsa.