Na Ɗauki Ɗanta, Ta Ɗauki Ɗiyata

A shekarar da ɗiyata ta kwanta muna zaune a Anka. Daga kudancin Kaduna muka zo, ni ina koyarwa a firamare, maigidana yana gyaran injin niƙa. Masu niƙa dutsen zinariya a Abare da Sunke su suka fi kiransa. Ya fita da safe bisa babur, ya dawo fari fat da ƙurar dutse har gashin ido. Yarinyar kuwa da ta ji ƙarar babur sai ta ruga ta ɗafe shi, ta cusa fuska cikin rigarsa, mu yi ta dariya. Ba mu san dalma take shaƙa ba.

Da amai aka fara, sai ƙin abinci, sai ta daina wasa. Ranar da jijjiga ta kama ta ina wanki a tsakar gida. Maƙwabciyarmu Musulma, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, ita ta ɗauke ta daga ƙasa.

"Malama, ɗiyag ga ba ta da lahiya," in ji Inna. "Irin ciwon yaran ƙauye na. Tashi mu tai asibiti."

Aka auna jininta, aka ce gubar dalma ce, ta yi yawa. Da likita ya tambayi sana'ar ubanta, maigidana ya amsa, ya fita waje, ya zauna gindin darbejiya. Daga nan bai sake iya shiga ɗakin da take kwance ba. Ni ma ban kira shi ba, don ko kallonsa ba na son yi.

Cocinmu ƙarami ne, malamai da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa, duk baƙi. Matan zumunta suka zo, suka kewaye gadon, suka yi waƙa a hankali, sannan aka ce in yi addu'a. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ni da nake koya wa yara addu'a ran Lahadi! Kullum sai in durƙusa, in ce "Ya Uba", in ga idon yarinyar ya juye ya yi fari, sai in kasa ci gaba. Har na fara tsoron ko Ubangiji ya juya mini baya ne.

A cikin matan akwai dattijuwa mai sayar da busasshen kifin Gummi, muna ce mata Mama. Ɗanta direba ne. Tun kafin damina 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Bukkuyum suka shiga daji da shi, ba labari. Wata rana da sauran suka tafi, ta ja ni bayan ɗakin jinya.

"'Yata, kin daina addu'a."

"Mama, na kasa."

"Ni ma haka. In na zo kan sunan yaron nan, harshena ɗaurewa yake." Ta riƙe hannuna gam. "Ki ɗauki nawa, in ɗauki taki. Kada ki ƙara roƙon komai don yarinyar nan, wannan aikina ne. Ke ki yi wa ɗana."

Ban san shi ba sai gaisuwa, don haka na yi ta tambayarta. Ta ce yana da gyambon ciki, ba ya jure yunwa, kuma yana da saurin fushi, abin da ta fi jin tsoro ke nan. Abin mamaki, bakina ya buɗe. Ina zaune gefen gado ina ba ɗiyata magani, ina roƙon Yesu ya ba wani ƙato ruwan sha a daji, ya kame masa baki in an zage shi, ya sa tausayi a zuciyar mai tsaronsa. Ina yi ina kuka, kukan da na kasa yi wa tawa.

Mama kuwa kullum da ta tashi daga kasuwa sai asibiti, da ƙarnin kifi a zanenta. Ta kama ƙafafun yarinyar, ta yi ta magana da Ubangiji kamar mai rigima da ɗan'uwanta. Ita ce ta je gindin darbejiya ta ce wa maigidana, "Tashi, ɗana. Ba ka sani ba ne. Shiga ta ga ubanta." Ya shigo, muka durƙusa mu uku.

Jijjigar ta ragu, daga baya ta tsaya. Aka sallame mu. Yarinyar ta rayu, amma maganarta ta yi nauyi, ƙafar dama kuma tana ja har yau.

Bayan girbin shinkafa wani mutum ya kuɓuto daga daji. Ya nemi Mama har rumfarta, ya gaya mata ɗanta ya rasu tun tsakiyar damina, ciwon ciki ya kashe shi, shi da sauran waɗanda aka kama suka binne shi. Ashe na daɗe ina roƙa wa mamaci ruwan sha.

Na je gidanta da gudu, na faɗi a ƙofar ɗaki.

"Mama, an ji addu'arki, ba a ji tawa ba! Na kasa miki!"

Tana zaune a tabarma, idonta a bushe.

"Ni ban san yadda Ubangiji yake ji ba," ta ce. "Yau ko sunansa ba na iya kira. Shigo ki yi mini addu'a, don ni ba zan iya ba."

Na shiga, na kama ƙafafunta masu faso, na fara. Ita ko amin ba ta ce ba. Sauran matan suka iso ɗaya bayan ɗaya, in na gaji wata ta karɓa. Haka muka yi ta zuwa mata har aka gama zaman makoki, da bayansa ma.

Maigidana ya bar gyaran injin dutse, muka koma Gummi yana gyaran injin ban-ruwa a fadama. Mama ta ƙi komawa garinsu. Ta ce ba za ta yi nisa da dajin da ɗanta yake kwance ba.