Motar da Bempa ya gada daga kawunsa

Shekara goma sha ɗaya Agya Bempa yana ɗauko agade da rogo daga ƙauyukan Offinso zuwa kasuwar Kumasi a wata tsohuwar a-kori-kura, kuma babu watan da motar nan ba ta ziyarci gareji ba. Yau lagireto ya tafasa, gobe kulochi ya ƙone, jibi birki ya ce shi ma ya gaji. Matan da yake yi wa dako tun suna tura ta suna dariya har suka koma turawa suna zagi.

Ba sayenta ya yi ba, ta wan mahaifiyarsa ce, da ya rasu dangi suka danƙa masa. A al'adarsu kuwa, abin da aka gada ta ɗakin uwa riƙo ne, ba ka sayarwa sai dangi sun zauna sun yarda. In an yi rasuwa motar ta kowa ce, a loda mata kujeru da rumfuna. In inji ya buga, ta Bempa ce shi kaɗai.

Ranar da ta mace masa a kan hawa har lodin agade ya lalace a rana, ya sa aka ja ta zuwa Suame wurin bakanikensa, Masta Oduro. Oduro bai ɓoye masa ba: ko a sa wani inji, ko ya rabu da ita tun tana da sauran mamora. Akwai ma wani mai gidan burodi da ke son sayenta, in an yi ciniki sai Bempa ya cika da ɗan abin da ya tara ya sayi ƙaramar bas.

Ya kai maganar gun 'yar'uwar mahaifiyarsa, Nana Afrakoma, ƙanwar marigayin, wadda ragamar gidan ke hannunta.

"Ɗana, kawunka bai taɓa kuka da motar nan ba."

"Nana, a lokacin kawu ai sabuwa ce."

"To, kai ka tsofar da ita ke nan."

Takaici kamar ya kashe shi, amma ba a ɗaga wa Nana murya. Ta ce a bari dangi su haɗu. Su kuwa dangin nan, na Accra da na Takoradi, ba abin da ke haɗa su sai jana'iza. Abin kunya ne a faɗa, amma har Bempa ya fara yawan tambayar lafiyar tsofaffin gidan.

Bai gyara ba, don wa zai sa wa motar sayarwa inji? Bai sayar ba, don ba izini. Wata bakwai yana zaman kashe wando, matan kasuwa suka kama wasu direbobi. Sannan wani tsoho ya cika, aka taru, aka yi ta ka-ce-na-ce, aka yarda. Sharaɗi ɗaya: ya kawo ta gida ranar Asabar a zuba wa marigayi kawu barasa a ƙasa bisa al'ada, a sanar da shi za a sayar.

Ya isa Suame da sassafe, ya tarar da ita a kan duwatsu. Ya fi kowa sanin cewa motar da ta daɗe a gareji aron kayanta ake yi, shi kansa sau biyu yana tafiya da batir ɗin wani. Amma bai taɓa kawo wa ransa za a yi wa tasa ba. Tayoyin suna ƙafar motar wani fasto, kafireta ta tafi Tamale, ƙofar direba ma Oduro ya kasa tuna wa ya ɗauka. Mai burodi tuni ya sayi wata.

"Aro ne fa, Agya, duk za su dawo," in ji Oduro, ko kunya babu.

Ranar Asabar a bayan babbar mota aka kawo gangar jikin, dangi na tsaye a ƙofar gida. Nana ta zagaya ta sau ɗaya da sandarta, ta leƙa inda kujera take a da.

"Bempa," ta ce, "ai ba wannan muka ba ka riƙo ba."