Ranar da Hajiya ta ɗaura wa hoto zani

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da na kai gwaggon matata kallon zane ba. Lokacin ba a ba ni ita ba tukuna, kuma maganar a hannun gwaggon take, don ita ta rene ta. Hajiya ce mai koko da ƙosai a unguwar Maamobi ta Accra, bakinta kuwa sai wanda ya shirya. Ni mai fenti ne, ina zana wa masu aski kawuna a allo, ina rubutu a bayan motocin haya da muke kira trotro a Abossey Okai. Duk zuwan da manyana suka yi neman aure, amsarta ɗaya: "Fenti sana'a ce? Ɓata bango dai!"

Sai na ji labarin wani lambu can cikin gari, mai ginshiƙai da katangu da ruwa yana gudana, an kafa kwafin shahararrun zane-zanen duniya a fili, babu rufi. Na ce yauwa, bari Hajiya ta ga yadda ake girmama irinmu. Na yi ta magiya har ta yarda. Na zuba babbar rigata ta Sallah, muka hau trotro daga Nima, ni da ita da yarinyar da nake nema.

Da farko komai lafiya lau. Ta tsaya gaban wata mai tsiyaya madara daga tulu, ta ce, "Ei, wannan ta iya aiki, ko ɗigo ba ta zubar ba." Ta ga wata mai shuɗin ɗankwali da ɗankunne, ta rantse 'yar zango ce, wato unguwarmu ta Hausawa. Ni kuwa sai zuba bayani nake, kai ka ce tare da ni aka zana su.

Muna shan kwanar wata katanga, sai ga hoton mace tsaye a bakin teku, tsawon mutum, ko ƙyalle babu a jikinta. Innalillahi! Nan take na ce aure ya tafi. Ban san lokacin da na daka tsalle na tare hoton ba, na baza hannayen babbar riga kamar mai korar kaji.

"Hajiya, nan babu komai, mu bi ta can."

"Matsa."

"Hajiya, don girman Allah..."

"Na ce matsa, mai fenti!"

Na matsa. Ta ƙare wa hoton kallo sama da ƙasa, yarinyar kuwa ta cusa mayafi a baki tana danne dariya. Sai Hajiya ta buɗe jaka ta zaro zanin atamfa, ta miƙo mini gefe ɗaya. "Kama nan, ka fi ni tsawo." Muka rataya shi a kan hoton. Ta ce, "Baiwar Allah, a waje haka? Ai sauron Accra sai ya cinye ki." Mai gadi ya sheƙo a guje wai ba a taɓawa. Ta juye masa yaren Twi, har shi ma dariya ta kama shi, ya ce a bari sai mun wuce zai cire ya kawo mata.

A hanyar dawowa ni dai gumi kawai nake yi. Sai da muka kusa sauka Hajiya ta waiwayo.

"Kai ma irin wannan kake zanawa?"

"A'a Hajiya, nawa duk da kayansu."

"Na ga yadda ka tare ta da rigarka. Wanda ya rufa wa hoto asiri, zai rufa wa 'yata. Ka turo manyanka. Sannan ka zo ka zana ni a rumfar koko. Da mayafina, ka ji ko?"

Wallahi saura kaɗan in rungume kwandasta don murna.

Allon da na zana ta yana nan rataye a rumfarta har yau, da ludayi a hannunta, da mayafi har biyu. Na je aron mutunci wurin manyan masu zanen duniya, ashe duk yinin nan ba su Hajiya take kallo ba, ni take kallo. Tun ranar na gane cewa ba abin da ka shirya nunawa ake auna ka da shi ba, halinka ne da yake fitowa lokacin da ka rikice.