Adafta Mai Kunne Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, na ɗauko mahaifiyata daga Fagam na kawo ta gidana saboda ciwon ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma ganin sai tsukewa yake yi. Bayan an duba ta, likita ya ja ni gefe ya ce magani zai rage wa ciwon gudu ne kawai, ba zai tsayar da shi ba. Ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Amma a hanyarmu ta komawa gida na lura duk abin da muka wuce sai ta ƙura masa ido, har duwatsun garin da ta sani tun tana amarya.

A cikin makon nan ne yayata ta haihu a Sudan, inda mijinta yake karatu. Shekara huɗu rabonta da gida, kuma haihuwar farko ke nan bayan an daɗe ana jira. To yayata ita ce 'yar fari, Inna kuwa irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan yayata a bakinta ba. "Waccan" take cewa, in ta so sakayawa ta ce "mutanen Sudan". Idan yayata ta kira, Inna ta amsa gaisuwa a gajarce ta miƙo mini wayar ta ce, "Ungo, ku kuka iya surutu." Sai dai ba ta barin wurin. Nan za ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta zauna ɓara har mu gama.

Da aka turo hoton jaririn na kai mata a waya. Ta kai ta har kan hanci, ta juya ta nan ta juya ta can, ta miƙo mini.

"Ni dai baƙi-baƙi nake gani," ta ce. Can kuma sai ta ce, "Wannan akwatin naka na ɗaki, mai fuskar talabijin, shi ba ya nuna mutane?"

"Yana nunawa, Inna. Har magana za ku yi kina kallonsu."

"To. Jaririn dai nake nufi."

Akwatin da take faɗa tsohuwar kwamfutar tebur ce da na saya ta hannu, ina buga jarrabawar yara da ita. Allonta babba ne, kuma akwai 'yar kyamara da wani abokina ya bar mini. Matsalar ɗaya ce. Gidana yana bayan dutse, ga katangar ƙasa mai kauri, sabis ba ya shiga ɗaki ko kaɗan. Wuri ɗaya yake kamawa sosai, jikin darbejiyar da ke kusa da zaure, har ƙusa na kafa ina rataye waya a can. Fito da kwamfutar waje ba zai yi ba, domin hasken rana kashe wa Inna ganin yake gaba ɗaya, a ɗaki mai duhu-duhu ta fi gani. Dabarar da ta rage ita ce wayar ta zauna a bishiya tana raba sabis, kwamfutar ta jiyo daga ɗaki. Ita kuwa tsohuwar kwamfutar ba a yi ta da abin jiyowa ba, sai an sayo mata adafta an soka.

Na tafi kasuwa wajen wani mai sayar da kayan waya, mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ya fito mini da iri uku ya jera a kan kanta. Ɗaya ɗan mitsitsi, bai kai farcen babban yatsa ba. Ɗaya mai eriya guda. Na ukun mai eriya biyu, kuɗinsa ko tambaya ban ƙara yi ba bayan na ji sau ɗaya.

"Ticha, taku nawa ne daga inda wayar za ta zauna zuwa kwamfutar?" ya tambaye ni. "Bango nawa ne a tsakani? Na ƙasa ne ko na bulo?"

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, takardar shaidar tana rataye a falo cikin gilashi. Na ce masa, "Kai dai ba ni ƙaramin. Kayan zamani ai ƙanƙantarsu ce ingancinsu, eriya kuma ai zamanin rediyo ne." Gaskiyar maganar, shi ne mafi araha, wata ya yi nisa, maganin ido ya cinye albashi. Amma maimakon in ce aljihuna ne bai kai ba, sai na tsaya yi wa mai kaya lacca a kan kayansa. Ya yi murmushi ya ce, "Shi ke nan, Ticha. Kada dai ka yar da kwalin."

Muka sa ranar suna za a yi kiran, bayan la'asar. Tun azahar Inna ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, ta sa kwalli har a idon da ba ya gani. Matata ta tsokane ta ta ce, "Inna, yau baƙi za mu yi ne?" Ta ce zafi ne ya dame ta ta canja kaya.

Na tayar da ƙaramin janareta, na rataye waya, na ja labule, na zaunar da ita gaban allo. Kiran ya shiga. Muka ga fankar silin ɗin ɗakinsu da rabin goshin yayata, daga nan hoton ya daskare. Muryarta ta zo a gutsure, "In... wu... ni," ta ɗauke. Na sake kira, ya yanke. Na ruga bishiya na gyara wa wayar zama, na dawo, na cire ɗan abin na hura masa iska na mayar, kamar hurawar za ta ƙara masa ƙarfi. Na fi sau goma ina safa da marwa tsakanin ɗaki da darbejiya, gumi har cikin ido. Inna tana zaune ba ta motsa ba. Da aka kira magariba ta miƙe, ta cire mayafinta ta ninke shi a hankali, ta ce, "Bari haka, kada ka wahalar da injin. Ai an ce yana lafiya." Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini irin na ranar ba, don na san ba ta da kwanakin gani da yawa da zan riƙa ɓarnatarwa.

Kwana biyu bayan nan muka koma asibiti, a hanyar dawowa na ce ta ɗan jira ni in shiga shago. Ta ce ba za ta tsaya a rana ba, ta biyo ni. Mai shagon ya ba ta benci, ya rusuna ya ce, "Sannu, Mama, ya jiki?" Na ajiye masa kwalin, shi kuwa, Allah ya saka masa, bai ce ai na gaya maka ba.

"Mu ga abin da ya hana mu sakat," Inna ta ce. Na sa mata a tafin hannu. Ta lalube shi da yatsa. "Wannan ai ƙwayar gurjiya ce. Shi mene ne aikinsa?"

"Mama, jiyo saƙo yake daga waya ya kai wa kwamfuta," in ji mai shagon.

"Jiyowa? To ina kunnensa?"

Ya fashe da dariya har da riƙe kanta. Ya ɗauko sauran biyun ya sa mata a cinya. Ta shafa na farko, ta kama eriyar ta lanƙwasa ta miƙar. Ta shafa na biyu.

"Wannan kunne ɗaya, wannan biyu. Mai biyun ya fi tsada ko?"

"Sosai, Mama."

"Tsakar gidan nasa ba ta kai ta kunne biyu ba. A ba shi mai ɗaya. Ni ma da ido ɗaya nake harkokina."

Mai shagon ya dube ni ya ce, "Ticha, tambayar da na yi maka ke nan, Mama ta amsa." Ya karɓi ƙaramin, na yi ɗan ciko kaɗan. Ya haɗa mini da doguwar igiya ya ce in fito da adaftar bakin taga, kada in bar ta a bayan kwamfuta tana kallon bango, kuma in fara sa faifan da ke cikin kwalin kafin in soka ta. Wannan karon na saurara kamar ɗan aji ɗaya. Da na koma gida har takun na ƙirga, ashirin da uku, bango biyu.

Washegari da la'asar muka sake. Inna ba ta yi kwalliya ba wannan karon, ina jin tsoron sa rai take. Kira ɗaya ya shiga, sai ga yayata ta cika allon, tar, har ɗigon zanen ɗankwalinta ana gani.

"Inna! Inna, ina wuni?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya. Ina mijin nawa?"

Yayata ta karkatar da kyamarar ƙasa, ga jariri a cinya yana barci. Inna ta fara yi masa tsiya irin ta kaka da jika. Wai wane irin miji ne wannan, amarya ta zo yana barci, ko kuɗin cefane bai aiko ba. Muna ta dariya. Can sai ta ce, "Ba na ganinsa da kyau. A ɗaga shi sama." Aka ɗaga. "A ƙara. A sa shi a kafaɗa, can hasken ya fi."

Yayata ta ɗora shi a kafaɗa ta gyara kyamarar. Inna ta jawo kujerarta har hancinta ya kusa taɓa allon. Ni kuma, gwanin kwamfuta, na lura jaririn ya ba mu baya, ƙeyarsa kawai ake gani. Na ce, "Yaya, juyo mana da fuskarsa, Inna ba ta..." Sai na ji an mintsine ni a ƙafa.

"Bar shi haka," ta ce. "Ina gani."

Ta daɗe a haka. Yayata kuma hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi. Wallahi a lokacin ban gane komai ba, ina can ina alfahari hoton bai daskare ba.

Ba a yi shekara ba ganin ya tafi gaba ɗaya. Har yau in wani ya tambaye ni wace adafta zai saya mai sauƙin kuɗi, ba na fara yi masa maganar suna ko farashi. Cewa nake ya je ya ƙirga takunsa da bangonsa tukuna, ya sayi daidai gidansa. Kuma har yau ina jin zafin ranar sunan nan da girman kaina ya cinye mata.

Sai bayan shekara biyu yayata ta dawo. Muka je Fagam tare, don Inna ta riga ta koma can. Ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta amsa a gajarce kamar kullum, ta jawo yaron cinyarta tana shafa kansa. Da yayata ta fita gaida maƙwabta, Inna ta kira ni ƙasa-ƙasa.

"Kai, zo nan. Ta mayar da jikinta?"

"Wa, Inna?"

"Waccan mana. Ranar nan a akwatinka na ga duk ƙasusuwan wuyanta a waje. Ga idanunta sun faɗa."

Na ce, "Inna, ai cewa kika yi jariri kike kallo."

"Jarirai ai duk kamarsu ɗaya."

Na ɗago kai, sai ga yayata tsaye a bakin ƙofa, ta dawo ɗaukar jakarta, ta toshe baki da hannu tana yi mini alamar in yi shiru. Na yi shirun. Inna ta ci gaba da shafa kan yaron, can ta ce, "Ka gaya wa mai tsayuwa a bakin ƙofa akwai fura a ƙwarya. A dama da nono mai yawa, kuma a shanye."