Talibambam a Farar Roba

Ranar da talibambam ɗina suka koɗe ba za ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina malamin kimiyya a wata makaranta mai zaman kanta a Gyadi-Gyadi. Damina ce, kuma masu duba makarantu za su zo ranar Alhamis. Ga wanda bai san aikinmu ba, zuwansu kamar zuwan surukai ne: a yi fenti, a share ko'ina, kowa ya fito da hularsa ta Juma'a.

Abin da zan nuna musu 'ya'yan kwaɗi ne, wato talibambam. Na kwaso su a wani kududdufi a Unguwar Gano, na zuba a baƙin bokiti. Launinsu na laka ne, don kada tsuntsu ya hango su daga sama.

Laraba da safe na shiga ɗakin gwaji, na tarar da su a farar roba, sun koɗe. Shugaban makaranta na tsaye a kansu, ga Inna Ladi mai shara a gefe. Inna dai kowa ya san ta, duk abin da ta gani sai ta zuba masa bilicin.

"Malam, ta kashe mana darasi," in ji shugaba. "Bilicin ta sa musu. Yau za ta ajiye tsintsiya."

"Wallahi Alhaji ban sa ba," ta ce. "Bokitin ne ya yi muni. Ya za a yi baƙi su gan su a ciki? Shi ne jiya na sauya musu mazubi."

Tausayinta ya kama ni, don da tsintsiyar nan take riƙe da jikokinta. Na ce, "Ranka ya daɗe, da bilicin ne, da yanzu babu mai motsi a cikinsu. Fatarsu na da ɗigo-ɗigon baƙi. A wuri mai haske ɗigon kan tsuke, a duhu ya baje, su saje da inda suke. A ba ni zuwa gobe."

Na mayar da rabi cikin bokitin, na bar rabi a roba. Gaskiya a littafi kawai na san abin, ban taɓa gwadawa ba.

Alhamis da safe na bokiti sun koma launin laka. Masu duba makarantun suka tsaya a kan mazuban biyu, suka ƙi gaba. Shugaba, cikin sabuwar babbar riga, ya ce musu ai dama gwajin da muka tsara ke nan.

Bayan sun tafi, Inna ta kalli fentin da bai gama bushewa ba, ta kalli rigar shugaba, ta rage murya. "Malam, ashe ba su kaɗai ke sauya launi ba."

Ku sababbin malamai, kafin ku yanke wa ma'aikaci hukunci da launin da kuka gan shi da shi, ku duba mazubin da aka sa shi. Inna Ladi na nan da tsintsiyarta har yau. Mabuɗin ɗakin gwaji ne dai na daina barin mata.