Almakashin Bahaguwa

Ni tela ce, kuma duk tela ta san ana aron zare, ana aron allura, keken ɗinki ma ana ara idan ta kama, amma ba a aron almakashi. Shi ya sa abin da ya sami Bahaguwa yake ci mini rai har yau. Bango ɗaya ne ya raba shagona da shagon gyaran gashin da ta yi aiki, bangon ma na katako, idan aka kunna drayar busar da gashi a can sai zaren da ke kan teburina ya kama rawa. Duk abin da aka faɗa a shagon nan a kunnena ake faɗarsa, ko ina so ko ba na so. Yawanci kuwa ina so.

Bahaguwa kowa ke ce mata, har 'ya'yanta idan suna tsokana. Tana yarinya ta sha duka a kan hannun nan. Innarta har ɗaure mata shi ta yi da ɗankwali, wai ko dama za ta koyi aiki. Dama ta koyi cin abinci da miƙa wa manya abu, daga nan ta ce ta gaji. Sauran duk hagu ce ta ɗauka. Da ita ta fara tsaga kan ƙannenta a tsakar gida, da ita ta koyi kitso da yankan gashi, da ita kuma ta riƙe gida bayan mijinta, wani direba mai yawan dariya, ya kwanta jinyar da bai tashi ba. Ya bar mata 'yan mata biyu, ga Inna da ta dawo wurinta da zama. Ɗaki ɗaya da falo suke haya, a ƙarshen wani lungu da ruwa ke kwanciya.

Shagon ba wani babba ba ne. Kujeru uku masu juyawa, ɗaya ba ta juyawa sai an taimaka mata da ƙafa, dogon madubi da ya tsage a kusurwa aka manna hoton wata mai kitso a wurin, da kwanon wanke kai a bayan labule. Mai shagon, Madam, ba zan ce muguwa ba ce, don kada in ɗauki alhakinta. Irin mutanen nan ce da ba su taɓa cin haƙƙin kowa ba a ganinsu, saboda kullum akwai doka a bakinsu. Dokarta ita ce shago zai ba da mataji da kibiya da tawul da draya da almakashi. Wadda ta ga na shago bai yi mata ba, ta sayi nata.

A baki maganar ba ta da laifi. Amma wanda bai taɓa riƙe almakashi yini guda ba, ba zai gane ba. Almakashin da ke kasuwa don masu dama aka ƙera shi. Idan mai dama ta matse, bakunan biyu haɗuwa suke yi. Idan mai hagu ta matse, rabuwa suke yi, gashi ya lanƙwashe a tsakaninsu ya ƙi yankuwa, ga baƙin ƙarfen ya tare mata inda take yanka. Dole Bahaguwa ta riƙa jan babban yatsanta baya, tana murɗa tsintsiyar hannu, kafin abin ya ci. Haka take yi daga safe har yamma. Gindin yatsan ya yi kanta, kantar ta fashe, ta sake yin wata.

Ta taɓa yi wa Madam magana, ina ji ta bango.

"Madam, don Allah da za a sa mini almakashin hagu cikin kayan shago. An ce akwai shi."

"Ga almakasai nan har sun yi yawa. Ke kaɗai za a yi wa na daban?"

"Hannun ne yake damuna."

"To ai hannunki ne, ba na shago ba. Idan na saya miki, gobe wannan ta ce ita mataji mai launin ja take so."

Sauran ma'aikatan suka yi dariya, Bahaguwa ma ta taya su. Halinta ke nan da ya fi ba ni haushi. Ko taka ta ka yi, ita ce za ta riga ka cewa sannu.

Shekaru ta yi a haka. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na yi wa mutumin da ke kawo mini kayan ɗinki magana, ya ce zai iya sa a zo da shi daga nesa, amma fa da tsada. Ta daɗe tana tara kuɗi, ta fasa ɗinkin da ta yi niyya, takalminta ya tsinke ta kai aka ɗinke. Ranar da ya iso a shagona ta buɗe kwalin. Ta zura yatsu, ta ɗauki wani ƙyalle a ƙasa ta yanka, ya wuce sumul ba gardama. Sai ta tsaya tana kallon hannunta.

"Yaya Tela," ta ce, "ashe haka kuke ji?"

Na juya na ɗinka mata 'yar jaka da ragowar wani yadi mai kauri, don ta riƙa sa shi.

Lokacin da ya biyo baya shi ne mafi daɗi da na san ta da shi. Kumburin yatsan ya saɓe. Da ma gwana ce, to yanzu sai hannun ya sake. Mata su zo su tarar da kujeru biyu babu kowa, su ce za su jira Bahaguwa. Tana aiki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ita da ba a jin muryarta. Kullum za ta goge almakashin, ta ɗiga masa mai a noti, ta sa a jaka ta tafi da shi gida. Babbar 'yarta ta ce mini ko su ba a shafa musu mai kamar yadda ake shafa wa ƙaninsu almakashi. Madam kuwa ciniki ya ƙaru, ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Wata rana da hantsi aka kira Bahaguwa a waya, Inna ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki. Ta fita ko mayafi ba ta yafa daidai ba, ta jefa almakashin da jakarsa a durowar teburinta. Kwanaki ta yi a asibiti.

A cikin kwanakin nan wani tsoho mai washin wuƙa ya biyo ta layinmu da dutsensa a bayan keke. Ban san abin da ya taɓa zuciyar Madam ba ran nan, ita da sai almakashi ya koma cin gashi kamar akuya kafin ta yarda a wasa shi. Ta ce a tattaro duk na shagon, ita za ta biya. Aka buɗe durowoyi aka kwaso, har da na cikin 'yar jaka. Tsohon ya ɗauko shi ya jujjuya, ya ga bakinsa a juye, bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ɗauka kuskuren maƙera ne. Saboda son ya kyautata, ya kwance notin, ya ci kaifin ta ɗaya gefen da dutsen da yake wasa wuƙar mahauta, ya mayar ya ɗaure. Ni ina kasuwa sayen zare, da na dawo an gama.

Bahaguwa ta dawo aiki duk ta rame. Ta zaunar da wata mata, ta fesa ruwa, ta kama bakin gashi ta matse. Gashin ya lanƙwashe. Ta sake matsewa, ya sake lanƙwashewa. Ta ɗaga almakashin saitin haske ta daɗe tana dubawa, sannan ta shigo shagona ta miƙo mini. Ina gani na san ya tashi daga aiki. Bai zama na dama ba, bai koma na hagu ba.

Ni na shiga wurin Madam, don na san ita ba za ta iya ba.

"Madam, kin ga abin da aka yi?"

"Na gani. Abin bai yi daɗi ba."

"To sai a saya mata wani."

"Wa zai saya? Ni na shago nake saye. Wannan nata ne, ita ta ga dama ta sayo."

"Nata ne, amma ke kika ba da shi. Kuma wa yake yi wa aiki duk tsawon lokacin nan?"

"Daga yin alheri? Ni na ce ta bar shi a durowar shago? Ke kuma Tela, kekenki wa ya saya miki?"

"Ni na saya, kuma ni nake cin ribarsa."

Nan muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Bahaguwa ce ta zo tana jan hannuna tana ba mu haƙuri mu biyu. Tsohon ma da ya sake biyowa aka faɗa masa, ya cire hula ya yi ta rantsuwa gyara ya yi nufi. Me za a karɓa a wurinsa? Keken ma da igiya aka ɗaure sirdinsa.

Sayen wani kuwa babu hali. Jinyar Inna ta lashe komai, ɓarin jikinta ya mutu, magani ba ya yankewa. Ni ma a lokacin kuɗin hayar shago ya sha mini kai. Mai kawo mini kaya ya ce abin ya ƙara tsada, kuma sai an jira. Bahaguwa ta koma kan almakashin shago, daidai lokacin da aure ya yi yawa a unguwa, amare da ƙawayensu suna cika benci. Hannun da ya ɗanɗana hutu bai yarda ya koma wahala da sauƙi ba. Yatsan ya kumbura ya yi suntum. Da safe sai ta tsoma shi a ruwan zafi kafin ya lanƙwasu. Likita ya ce ta huta da aiki, ta dawo tana ba ni labari tana murmushi, ta ce ta so ta tambaye shi ko hutun ana dafa shi a ci.

Ranar da abin ya ƙare, wata mata ce a kujera, mai dogon gashi da take ji da shi. Ana cikin daidaita baki yatsan ya ƙage, hannun ya fizga, almakashin ya shige ciki ya ɗebe wuri guda. Matar ta yi ta faɗa, kuma da gaskiyarta. Madam ta lallashe ta, sannan ta ce wa Bahaguwa ta je gida ta huta har hannun ya warke. Ba ta ce ta kore ta ba. Kafin mako ya zagayo wata ce a kan kujerarta.

Ta koma sayar da ruwan sanyi a ƙofar gida. Kitson ma ya gagara, don shi ma da babban yatsa ake kama shi. Babbar 'yar ce take tsefe wa ƙanwarta kai, uwarsu tana gefe tana nuna mata da baki. Na tarar da su a haka sau da yawa, kuma duk ranar da na gani sai abinci ya fita raina.

Can bayan watanni sai ga Madam a shagona, da kwali a hannu. Masu zuwa don Bahaguwa sun watse, sabuwar ba ta riƙe su ba. Ta ce in raka ta gidan Bahaguwa. Duk shekarun nan ba ta san inda matar take kwana ba.

Muka tsallake ruwan lungu muka shiga. Inna tana kwance a falo, an jingina ta da matashi. Bahaguwa ta rasa inda za ta sa Madam don murna, ta goge kujera da gefen zaninta, ta aika a kawo ruwa. Madam ta buɗe kwalin. Almakashin hagu ne sabo fil, ya ma fi wancan kyau.

"Ga shi na sayo," ta ce. "Na shago ne, amma ke za ki riƙa aiki da shi. Gobe ki dawo."

Ƙaramar 'yar ta kwance ɗankwalinta ta durƙusa a gaban uwar, ba wanda ya sa ta. Bahaguwa ta zura yatsu. Babban bai shiga ba sai da ta tura shi da ɗaya hannun. Ta kama bakin gashin yarinyar. Muna kallo jijiyar hannunta ta tashi, gumi ya tsatso mata a goshi, almakashin ya buɗe kaɗan ya tsaya. Ta sake gwadawa. Ta huta, ta sake.

Ta zare yatsan a hankali, ta goge ƙarfen da zaninta inda ta taɓa, ta mayar cikin kwali ta rufe. Ta miƙa wa Madam da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, Madam," ta ce. "Na sa ki asara."

Madam ta ce ba komai, Allah ya ba da lafiya, za ta gani ko mai kayan zai karɓi abinsa. Ni ban iya raka ta ba. Na zauna a ƙasa kusa da yarinyar, wadda har lokacin tana durƙushe kanta a sunkuye, tana jira a yanka.