Mai Alli ta Wurin Cika Gas

Kafin a buɗe get take isowa. Sai ta tsaya a tsakiyar fili da jakarta a kafaɗa, ta rufe ido ta ja numfashi. Wanda bai san ta ba zai ce addu'a take yi, alhali iska take sansana. In ba ta ji warin gas ba, sannan take gaida mai gadi.

Aikinta a wurin cika tukwanen gas ɗin nan shi ne tsara yadda aiki zai tafi, kuma tsoro ne ya kawo ta cikinsa. Tana budurwa yayanta ya rasu a gobarar wata ma'aikata, don kowa ya zaci wani ne zai kashe wutar lantarki. Har gobe in aka ƙyasta ashana kusa da ita sai ta ja da baya.

Shi ya sa da ta kama aiki ta nemi bango da alli. Alamu uku kawai ta kawo. Da'ira mutum ne. Kibiya maganar da zai kai wa wani. Tsayayyen layi kuma inda zai dakata har amsa ta zo. Ba ta zana wa kowa nasa, allin take miƙa masa.

"Zana kanka," in ji ta. "To, in abu ya ɓaci, wa za ka faɗa wa? Wa kake jira?"

Direban tanka ya yi tasa da'irar ƙatuwa, ya ce ai dole a bar wa tumbi wuri. Aka yi ta dariya, daga nan kuma sunan Mai Alli ya bi ta.

Sai aka zo kan Mai Fenti. Kurma ne, aikinsa kankare tsatsar tsofaffin tukwane a can bayan rumfa. Ba kibiyar da za ta iya kai masa, ko ƙararrawa ba ya ji. Ta juya wurin Dogo, mai auna tukwane a sikeli, wanda ya fi kowa kusa da bayan rumfar.

"Ɗana, wannan sai an taɓa shi. Za ka ɗauka?"

Dogo ya ce zai ɗauka. Ya ɗora tafinsa a bango ya zagaye shi da alli, tsakanin da'irarsa da ta Mai Fenti.

Wata rana da azahar ana sauke gas daga tanka, tiyo ya fashe. Wani irin huci ya cika wurin, farin hazo ya fara rarrafe a ƙasa yana bin ƙafafun mutane. Mai lantarki ya kashe wuta ya ɗaga wa direba hannu, direba ya toshe hanci ya nufi makunnin tanka. Ita kuwa a zanen bangon, bakin get ne wurinta: ta tare titi kada wani ya tayar da mota ko babur, ta duba fuskar duk wanda ya fito.

Tana tsaye ta ji ƙarar da ta fi hucin ban tsoro. Ƙarfe na gugar ƙarfe a bayan rumfa. Mai Fenti bai san komai ba, kankararsa yake yi, hazon kuma can ya nufa. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Sai ga Dogo ya taho get a guje, idanu waje. Zuciyarta ta ce ta ruga da kanta, amma ga wani mai babur ya ɗora ƙafa zai tayar. Ta damƙe masa hannu. Ba ta iya barin wurin, kuma muryarta ta ƙi fita balle ta kira Dogo.

Saura kaɗan ya fice ya ja birki. Ya tsaya yana haki, sannan ya juya ya koma cikin hazon. Gugar ƙarfen ta ci gaba, ta ci gaba, kowane karta kamar a kan haƙoranta. Can sai ta ɗauke. Suka fito tare, Dogo na riƙe da wuyan rigarsa. Jim kaɗan direba ya rufe makunni, hucin ya mutu.

A nan ta zauna a ƙasa. Dogo ya durƙusa gabanta.

"Mama, wallahi na riga na gudu. Sai na tuna hannun nan da ke bango nawa ne, ba wanda zai je in ban je ba."

Yanzu ga ki, Mai Alli, kin ajiye aiki, gwiwa ta gaji. Ke ce wadda ba ta taɓa daina jin tsoro ba, kuma ba ta taɓa barin tsoron ya zauna banza ba. Mutanen unguwar da ke bayan katangar ba su san sunanki ba, ba su ma san abin da ya kusa samunsu ranar ba. A madadinsu muke cewa mun gode, Mama. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu gidan burodi, da gareji, da ɗakin shan magani, ku tara mutanenku tun ana lafiya. Ku bar kowa ya faɗi da bakinsa wa yake sanarwa, wa yake jira. Sannan ku duba da kyau, domin kusan ko'ina akwai wani a bayan rumfa da saƙo ba ya isa gare shi. Ku san wanda zai je ya taɓa shi.